Rumbun da Ba Ya Lumfashi

Raihanatu ta ci alwashin yau sai Kawu Ɗantani ya yarda. Shekara uku tana karatun kwamfuta a Aliero, amma shi har gobe kallon 'yar goye yake mata. Ta tsara sabon rumbun ajiyar albasa mai bangon zana, kuma in Kawu bai ce to ba, ba mai kafa ko sanda ɗaya a gonarsu ta Kashin Zama.

A zaure ta buɗe masa kwamfutar. Ita manhajar da ta yi zanen da ita, tsirkiyoyin haske take harbawa cikin zanen rumbun, ta bi kowace ta ga inda ta sauka, da haka take haɗa hoto. To Raihanatu uwar gaggawa 'yan kaɗan ta harba, sai hoton ya fito ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

"Subhanalla!" in ji Kawu. "Tun ba a gina ba ya yi hunhuna?"

"Haba Kawu, haske ne ya yi kaɗan. Dubi."

Ta danna abin share ɗigo. Nan take bango ya yi sumul, ita kuwa ta gyara zama tana jiran yabo.

Kawu ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. "Ɗiyata, ina 'yan hujojin zana sunka tahi? Wanga ɗaki ba ya lumfashi. Albasa in ba ta sha iska ba, ai ruɓewa takai."

Ashe mai sharar bai san ɗigo ba, bai san ƙofar iska ba, duka ya kwashe. Kunya ta kama ta ƙwarai.

Ta sake lale. Ta ninka hasken sau ɗari, ta nuna wa mai sharar saƙar zanar don ya ƙyale ta. Kwamfuta ta ɗau zafi tana huci. Aka yi azahar, aka sha fura, Kawu yana ta tsiya wai ko jakinsa ya fi ta sauri.

Bayan la'asar hoto ya kammala. Ga rana tana ratsowa ta kowace huda, tana sauka kan jar albasa.

Kawu ya kara tafin hannu a gilashin kwamfutar kamar mai son jin iska. Sai ya ƙwala wa ƙanensa kira.

"Maiwada! Gobe a yanko gamba. Kuma in kana da tambaya kar ka zo wurina, ga Injiniya nan."