Baƙar Ƙwallon Mai Walda

Ƙarfe biyar na yamma Malama ta shiga shagon waldar mijinta tana jan ƙafa. Gobe da safe masu duba makarantu za su zauna a bayan ajinta su ga yadda za ta koyar da husufin wata. Shekara shida tana aikin wucin gadi, kuma darasin gobe ne zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta. Tun sati biyu ta zana masa abin da take so: kwan fitila a madadin rana, babbar ƙwallo duniya, ƙarama wata, a jere.

Mai walda ya ɗage tabarau, ya yaye buhun da ya rufe aikin yana washe baki.

Tirenta ne, wanda ta kwana uku tana nema a kicin. Ya dasa masa ƙafa uku, ya zana ƙasashe a kai. A samansa ga kwan fitila, ga farar ƙwallo, kowanne a kan siririn ƙarfe. Tsakaninsu wata ƙatuwar ƙwallo baƙa wuluk.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Gaskiya ke nan, Malama. Duniya a shimfiɗe take kamar tiren nan. Rana da wata duk a samanmu suke yawo, to ta ina duniya za ta shiga tsakaninsu? Wannan baƙar ce ke giftawa ta tare haske."

"Wa ya taɓa ganinta?"

"Ba a ganinta. Kusa da rana take zama."

"Amma kai har ka auno girmanta."

Ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Wata takwas ke nan, tun da ya fara kallon bidiyon masu cewa duniya a shimfiɗe take a waya, suke wannan musu, ko ana cin abinci ko ana wanki. Yawunta ya ƙare. Lokacin ƙera wani kuma babu.

"Kunna in gani."

Ya kunna, ya tura baƙar ƙwallon a hankali. Inuwa mai lanƙwasa ta fara cin gefen farar, har ta lulluɓe ta.

"Kin gani ko?"

Malama ta daɗe tana kallo. Fitila, ƙwallo, ƙwallo. A jere.

"Na gani. Yanke tiren nan, ka miƙo mini shuɗin fenti."

"Shuɗi kuma? Ai baƙa ce!"

"Gobe dai ita ce duniya. Jibi ka mai da ita abin da ka ga dama."

"Haba Malama, 'ya'yan mutane za ki yi wa ƙarya?"

"Shekara shida, Baban yara."

Ya dubi allin da ya bushe a yatsunta, ya dubi tiren. Ya sauke tabarau, ya kunna injin yanka.

"In an tambaya, kar ki ce ni na ƙera."

Washegari inuwar ta haye wata a gaban ɗalibai arba'in. Shugabar masu dubawa ta sa hannu a takardar tabbatarwa, ta shafa shuɗiyar ƙwallon da ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Wanda ya ƙera wannan ya san kimiyya. Wane ne?"

Malama ta danne hamma.

"Wani mai walda ne, ranki ya daɗe. Ya ce kar a faɗa."