Ranar da Majo Ya Auna Shamuwa

"Ɗora ta ga kahwaɗa," in ji Mumuni mai hoto. "A'a Majo, ba haka ba. Kamar mai halbin zabo. Yawwa. To, leƙa."

Gidiyon ya rufe ido ɗaya ya leƙa cikin kyamarar. Can tsallaken kasuwar Tasawa akwai wata ungulu a kan rumfar mahauta. Da ya murɗa zoben bututun, sai ga ta a gabansa, har yana ganin ƙudan da ke yawo a wuyanta. Bai san lokacin da ya yi dariya ba.

Shi ne babban ma'aikacin ɗakin shan magani na Urafan, shi ya sa ake ce masa Majo. Shekara biyu ke nan yana bin tsuntsaye, tun da wani likitan mishan ya bar masa littafinsu da wata 'yar kyamara mai girman sabulu. Duk hoton da ya wanko sai ya nuna da yatsa kafin a yarda akwai tsuntsu a ciki. Matarsa ta ce kashin ƙuda yake ɗauka. Yau ya zo shagon Mumuni ne da niyyar kyamara 'yar Japan ɗin da ke cikin gilashi, mai sheƙi, mara nauyi, amma ko babur ɗinsa ya haɗa ba za ta biyo shi gida ba.

"Waccan ta biki ce da suna," in ji Mumuni. "Idonta gajere ne, kuma tsuntsu ba ya tsaya maka kamar ango. Wagga wani ɗalibi ya taho da ita daga Rasha. Wata shidda tana nan ba wanda ya taya. Aje ƙaramar taka da rediyonka, ka ɗauka."

Baƙa ce, bututunta ya kai kamu guda, tana da gindin da ake dogarawa a kafaɗa, da kunama a ƙasa da ake ja da yatsa. Mumuni ya sa mata fim, ya naɗe ta da tsohon zane, ya ja masa kunne kada ya kwance ta kusa da shingen sojoji. Ƙasa a hannun soja take, kowa ya san abin da ake yi wa mai ɗauke da irin wannan. Su biyun sojoji kaɗai suka tuna. Ba wanda ya tuna manoma.

Azahar ta gota ya isa Tsamiyar Wada, wani ƙauye gabas da Urafan, inda zai auna yaran da za a ba madara. Ranar rabon dawar taimako ce. Daminar bara ta ƙi, rumbuna sun zama ɗakunan ɓeraye, har ɓerayen ma sun gudu. Layi ya miƙe daga motar hatsi har bakin rijiya, sojoji huɗu suna gyara shi da ɗamarar fata. Yana jingine babur wata mata ta sha ɗaya a gadon baya don ta matsa taki biyu. Ba ta yi kuka ba, ƙwaryarta ta riƙe.

Gidiyon ya kau da kai. Sai idonsa ya faɗa kan tsamiyar da ke bayan masallaci.

Shamuwa biyu.

A ƙasar nan ba a wasa da shamuwa. Ita ke zuwa gaban damina, in ta yi gida a gari an san ruwa na tafe. Yaro ya jefe ta, uwarsa ce za ta fara dukansa. Bara sun zo sun zaga sun wuce, sama kuma ta bushe. Kwana uku ke nan da waɗannan biyun suka sauka, mutanen gari har sun hana daka a gidajen da ke kusa. Gidiyon ya san duk wannan, a Mayahi aka haife shi. Amma mai sabon abu ba ya da hankali. Ya ce a ransa minti biyar kawai, yara ba za su gudu ba.

Ya zaga bayan wani rumbu, ya kwance zanen, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya ɗora ta a kafaɗa. Baƙin bayan shamuwa ɗaya, farin cikinta, shuɗin da ke gefen idonta, duk suka cika masa ido. Ya ja kunama. Ƙas! Ya murɗa fim, ya sake ja. Sau biyar. Shekara biyu yake jiran wannan.

"Wayyo! Shina halbin shamuwa!"

Ya juya da kyamarar a ido yana neman mai ihun. A cikin madubin ya ga Isufu maƙeri ya baro layi a guje da ƙotar gatari, maza sun biyo bayansa. Yatsansa ya ja da kansa. Ƙas!

"Ya halbi Isufu!"

"Tsaya! Foto ce! Isufu, ni ne, Majo!"

Ƙotar ta same shi a kafaɗa, ya ji wani abu ya ɓalle a ciki. Ya faɗi a kan kyamarar ya rungume ta. Daga nan bai ƙara sanin na wane ne ba. Ƙafa a haƙarƙari, sanda a ƙugu, wani ya kama gashinsa yana buga fuskarsa da ƙasa. Haƙori ya karye, ya ji ɓarɓashinsa a kan harshe tare da yashi. Wata tsohuwa da ya yi wa allura wancan mako tana kwaɗa masa ƙwarya a kunne har ta tsage.

"Dama irinsu 'yan mishan ba abin da ba su ci!"

"Ku kashe shi! Yunwar bara ba ta ishe mu ba?"

"Ku bari mu ga abin tukuna!" Wannan muryar Malam Ƙadri ce, dattijon garin, amma ba wanda ya ji shi, kuma shi ma sandarsa ta sauka sau ɗaya kafin ya fara cewa a bari.

Sai ƙarar bindiga ta gaske. Tau! Tau! Tau!

Aka watse. Gidiyon yana kwance rigingine, jini na bin idonsa na dama. Da na hagun ya ga shamuwa biyun sun tashi daga tsamiya, sun yi sama suna zagaye, suna ƙanƙancewa, suka miƙe kudu. Kowa su yake kallo.

Sajen da ya yi harbin, wani dogo mai tabo a haɓa, ya zare kyamarar daga ƙirjin Gidiyon. Ya jujjuya ta, ya leƙa, ya fashe da dariya.

"Jakai! Aparai ce! Ta ɗaukar foto!" Ya daina dariyar kamar an yanke ta da wuƙa. "Duk namiji, gwiwa ƙasa!"

Suka durƙusar da su a kan yashi mai zafi, hannuwa a ka, su wajen talatin. Ɗamara ta fara aiki daga wannan gefe zuwa wancan. Sajen yana tambaya wa ya taɓa ma'aikacin gwamnati, ba wanda ya buɗe baki. Ya sa gindin bindiga ya zungure Malam Ƙadri a ciki, tsohon ya kife yana aman ruwa. Isufu na tsakiyar sahu, ya cusa ƙotar a ƙarƙashin wata zana tun kafin a kama shi, kansa a sunkuye.

An jingina Gidiyon da rumbu. Yana kallon ana dukansu, kuma gaskiya daɗi ya ji. Ya tsane su. Shi ya ɗinke ƙafar Isufu da guduma ta fasa ta, shi ya kwana kan 'ya'yansu lokacin ƙyanda. Kowace ɗamara da ta sauka sai ya ji kafaɗarsa ta ɗan yi sauƙi.

Sajen ya zo ya tsuguna a gabansa. "Majo, wa da wa?"

"Ido ɗaya na ruhe, ɗaya na cikin aparai," in ji Gidiyon. Maganar na fita da jini. Shi kansa bai san me ya hana shi faɗa ba.

"Ba komi. Matan can sun ce ka auna waɗanda suka taso, sun ji ƙas. Ke nan suna ciki." Ya daga murya don sahu ya ji. "Yau za a wanke fim ɗin Tasawa. Duk wanda huskarshi ta hito, kaso, sai bayan girbi in ya yi rai. Dawar garin ga kuma ta koma mota." Ya ɗora masa kyamarar a cinya. "Hiddo mini pelikil ɗin, fim ɗin cikinta. A hankali, kada ka ɓata."

Gidiyon ya san yadda ake yi, Mumuni ya nuna masa da safe. A danna nan, a naɗe fim ɗin tsaf ya koma gwangwaninsa, sannan a buɗe. In ya yi haka, sajen zai sami fuskokinsa, shi kuma zai sami shamuwarsa guda biyar, hoton farko a rayuwarsa da ba sai ya nuna da yatsa ba. Ba zai ƙara samun irinsa ba, ya sani. Ya dubi sahun. Ya dubi matan da ke tsaye da ƙore a bakin motar, ba wadda ta bar wurinta a layi.

Da hannun da ke motsi ya ɓalle murfin baya ba tare da ya naɗe ba. Ya kama fim ɗin ya ja, ya ja, ya warware shi duka a cikin rana, hasken ya cinye hotunan da ke ciki.

"Kai! Mi ka yi?"

"Hannuna ne, Sajan. Sun karya shi."

Marin ya juyar masa da kai, ya buga rumbu. Na biyun da ɗamara ne, wajen ƙarfen, ya tsaga masa kunci. Sajen ya tattake fim ɗin, ya rataya kyamarar a kafaɗarsa, ya ce dama ba a ɗaukar hoto a ƙasar nan sai da takarda. Ya bar mazan a durƙushe har la'asar sakaliya, aka raba wa mata dawa, motar ta tashi.

Maza suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna ɗingishi. Ba wanda ya iya duban Gidiyon. Isufu ya wuce ta gabansa, ya ɗan tsaya, ya tafi. Malam Ƙadri ne ya zo dafe da ciki, ya ajiye masa buta, ya zauna a ƙasa ɗan nesa da shi.

"Majo," in ji tsohon, "da gaske abin ga shina jawo na nesa kusa?"

"Shina jawowa, Baba."

"To da ka leƙa... mi shamuwar take yi?"

Gidiyon ya kurkure baki ya tofar da ja.

"Kara ne ga bakinta," ya ce. "Gini ta hwara."

Malam Ƙadri ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar.