Hoton da Ya Tare Layi

Karo na shida ke nan Injiniya yana kashe babbar kwamfutar asibitin yana kunnawa. Ta taso lafiya, ta ɗauko hoton farko a layi, fankarta ta hau kuka, sai ta sandare. Maganin da ya sani ke nan tun da ya kama aiki, a kashe a kunna, yau kuwa ya ƙi ci.

Ita ce ke karɓar duk hoton da aka ɗauka, ta gyara ta miƙa wa likitoci bi da bi. Allon ɗakin ɗaukar hoto ya mutu tun bara, kowa da ita ya dogara. A cikin layin akwai hoton kan wani direba da ya faɗo daga saman motar kaya da hantsi. Likitar tiyata ta leƙo sau biyu, ta ce ba za ta buɗe kan mutum a makance ba. Matar direban ta biyo ta, ta tsaya a ƙofa da takalman mijin a hannu.

Sai bayan azahar Injiniya ya lura hoto ɗaya kwamfutar take ta ɗaukowa. Wani ne ya turo shi ta shafin da marasa lafiya ke aiko takardunsu, ɗan mitsitsi, amma an rubuta a cikinsa cewa faɗinsa ya kai gari guda. Manhajar da ke cikin kwamfutar, baiwar Allah, ba ta musu, sai ta yi ta neman wurin shimfiɗa shi har numfashinta ya ƙare. Injiniya ya san ciwon. Wata uku ke nan da masu manhajar suka aiko da gyaransa, ya ce sai ranar da aiki ya lafa, sai ka ce asibiti na da irin wannan ranar.

Ya cire hoton daga layi. Ko minti biyu ba a yi ba kan direban ya fito tas a allo, ga jinin kwance, shi ma da ba likita ba ya gani. Ya kira likitar a waya ba ta ɗauka ba, ya fita da gudu.

A bakin ɗakin tiyata ya tarar da matar zaune a ƙasa, wata nas na riƙe da kafaɗarta. Ta ɗago, ta gane shi, ta tambaya ko hoton ya fito. Da ƙyar ya ce ya fito, kunya kamar ta kashe shi.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana," in ji ta. "Koma ka zauna. Babu sauri kuma, Allah ya karɓi abinsa."