Kwalba Mai Jan Zare

Aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje kula da ɓeraye ne. Masana su sa musu ciwon gaɓɓai da gangan, ƙafafunsu su kumbura, sannan a ɗura musu sinadarin da aka tace daga ciyawar teku, a ga ko kumburin zai sace. Ɓeran gida guba ake ba shi. Waɗannan har na'urar sanyaya ɗaki gare su.

Matarsa tela ce, amma yatsunta sun kanannaɗe, almakashi ya gagare ta. Keken ɗinkin ya koma wurin shanya tawul.

"Likitan ɓeraye," in ji ta, "babu gurbi a kejin naku? Ni ba na cin da yawa."

Kwalabe biyu ake ba shi, naɗe da takarda: mai jan zare a wuya da mai shuɗi. Ɗaya magani ce, ɗaya ba komai. Ƙa'idar aikin ita ce kada mai ɗurawa ya san wacce ce wacce, don kada son rai ya ruɗi ido. Shugabar binciken kaɗai ta sani. Sai ya ɗiga kowacce a harshe. Mai jan zare gishiri-gishiri take. Bai taɓa ganin teku ba, amma wa bai san ɗanɗanonta ba?

Kullum sai ya tsiyayo kaɗan daga mai jan zaren ya kai gida, da yamma ya zauna yana murza mata gaɓa bayan gaɓa. Ita kuwa ta lumshe ido tana ba shi labarin ƙarƙashin ruwa, inda korayen ganye ke lilo kamar zaren da ya warware, yatsunta suna iyo a tsakaninsu, babu mai ciwo. Wata rana ta zura zare a allura, ta yi ta dariya har da hawaye.

Da aka kammala gwajin, shugaba ta tara ma'aikata. Mai shuɗin zare ce maganin, kuma ɓerayenta sun warware. Mutane kuwa sai sun jira wasu shekaru kafin a fara ba su. Ɗayar ruwan gishiri ce zalla. Aka tafa, shi ma ya tafa.

Ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta miƙo hannaye.

"Baban yara, ina tekuna?"

Ya shige kicin, ya ɗumama ruwa, ya barbaɗa gishiri, ya daɗe yana juyawa da cokali.

"Yau da ɗumi," ta ce, idonta a rufe.

"Sabon zubi ne. Kawo babban yatsan."