Wayar da Ta Ɗaure Tabarau

Mai sayen tsofaffin kaya ya ce zai zo da la'asar ya kwashe kayan kiɗan marigayi Kakanmu. Kaka ta yarda, amma akwai wani faifan garmaho marar rubutu da ta tsinta a ƙasan akwatinsa, ta ce sai ta ji abin da ke ciki tukuna.

Ni ba makaniken rediyo ba ne, kala kawai na bi. Na ɗauko wayoyin garmaho, jan kai na sa a jan rami, fari a fari, a bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Na jona sifiku biyu, na kunna. Sai gurnani ya cika falo, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu.

"To, injiniyan gida," in ji Kaka, "waƙar ke nan?"

Na dafa amfilifaya zan leƙa baya, ɗaya hannuna yana kan ƙarfen garmaho. Gurnanin ya ragu. Na ɗaga hannu, ya dawo. Sau uku ina gwadawa. Ashe ƙarafan biyu so suke a haɗa su. Na duba da kyau, ga wani ɗan noti zaune shi kaɗai, ga kuma guntun siririyar waya a gindin garmaho, an datse ta da almakashi.

"Kaka, wa ya yanke wannan?"

Ta gyara zaman tabarau. A nan na ga wayar, an nannaɗe ta a ƙafar tabarau ɗin da ta karye tun bara.

"Na ga ba ta aikin komai ne."

"Ara mini."

"In makance?"

"Ai ba da ido za ki ji ba."

Ta miƙo tana mita. Na warware wayar, na ɗaura ta a guntun, na matse ɗaya bakin a notin. Falo ya yi tsit. Na ɗora faifan, na sauke allura a kansa.

Wani mutum ne yake waƙa, muryar da ban sani ba. Amma waƙar na san ta. Ita Kakanmu yake rerawa kullum in yana aske gemu.

Kaka ta dafe ƙirji. "Shekara arba'in yana ce mini shi ya tsara mini ita. Ashe aro ya yi, ja'iri!"

Ta yi dariya har da hawaye, tana sharewa da gefen mayafi.

Aka yi sallama a ƙofa, mai sayen kaya ne.

"Je ka ba shi haƙuri, mun fasa," ta ce. "Ka dawo ka juya faifan, mu ji me kuma ya ara."