Mangwarorin Goggo Tayyiba

Shekara biyu ke nan mangwarorin Goggo Tayyiba guda uku, a lambun bayan Gagarawa, ba su yi fure ba. Ganye kam, kamar an biya su. Ubale, ɗan wanta da ke noman albasa a gefensu, bai taɓa dasa ko ƙwallo ɗaya ba, shi ya sa bai sha wahalar yanke hukunci ba: sun tsufa, a sare su.

Ranar Laraba ya zo da mai gatari. Suka tarar da ita zaune a gindin babban, ta miƙe ƙafa.

"Goggo, tashi don Allah. Inuwarsu tana kashe mini albasa."

"Albasarka ce take kashe mini su."

"Ni da nake ba su ruwa kyauta?"

"Wa ya roƙe ka? Mangwaro sai ya ji ƙishi, sanyin asuba ya yi ta dukansa kwana da kwanaki, sannan ya yi fure. Bara sanyin ko mako biyu bai yi ba. Bana ga Disamba ta ƙare, ban ciro bargo ba. Kai kuma ka jawo hanyar ruwanka ta gindinsu, safe da yamma. Ga ƙoshi, ga ɗumi, ai sai toho."

Mai gatari ya sa baki. "Hajiya, a garinmu sassare jikinsa ake yi, ya tsorata ya haihu."

"To, je ka tsorata na garinku."

Ta ɗauki fartanyar Ubale, ta toshe hanyar ruwan da ƙasa yana kallo.

"Ta ina zan shayar da albasar?"

"Zagaya."

"Wallahi in watan gobe ya ƙare ba fure, sai na sare su."

"Ka fara da ni, ka wasa gatarin."

Sau huɗu yana buɗe hanyar, sau huɗu tana toshewa. A na biyar ya haƙura ya ɗauko dogon tiyo, ya zagaya.

Sanyin ya zo a makare, ƙarshen Janairu, bai kuma daɗe ba. Bishiya biyu suka cika da fure har ƙudan zuma suka hana mutum tsayawa. Ta ukun, wadda ta fi kusa da albasar, ko ɗaya.

Ubale ya nuna ta da haɓa. "Wannan fa, Goggo?"

"Ita ta fi shan ruwanka. Baɗi za ta yi. Ka taɓa ta, ka ga."

Bai taɓa ba.