Ƙafar Kujerar Baba

Tun ranar da ƙafar kujerar nan ta karye Baba ya daina fitowa. Kujerar ƙarfe ce mai siraran ƙafafu, a kanta yake yini a ƙofar gida yana amsa gaisuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Yayana ya sayo masa ta roba, fara sol. Baba ya dube ta sama da ƙasa, ya ce shi ba ɗan biki ba ne, ya juya wa kowa baya. Abinci ma sai da lallashi.

Mai waldar layinmu ya ce ƙarfen ya cika sirara, ɓata lokaci ne. Yaya ya ce to a ba 'yan gwangwan. Nan raina ya ɓaci. Ana kallon tsoho yana zubewa a kan gado, wai maganar gwangwan ake yi.

Ni tela ce, ban taɓa walda ba. Amma ƙanena, autanmu, da zai tafi aiki nesa ya bar injin waldarsa a ɗakin ajiya, irin mai turo waya da kansa ta bakin bindiga, da tukunyar gas a gefe. Na kira shi ya yi mini bayani, na samo guntayen ƙarfe, na kankare tsatsa, na sa safar fata, na rufe fuska da hular walda. Na danna kunamar bindigar na ja layi. Da na ɗaga hula, rami ne ke kallona. Na sake, wani ramin. Na rage wuta, waya ta dinga tokarin ƙarfe tana tofar da tartsatsi.

Maigidana ya leƙo bayan gida ya ce, "Gwanar ɗinki, rariya ake haɗa mana ne?"

Na ce masa ruwan da bai kai wuyanka ba, kar ka auna zurfinsa. Amma wallahi kuka ne kawai ban yi ba.

Na sake kiran Auta ina faɗa, injinka ba shi da kirki. Ya ce, "Yaya, kina sakin kunamar kuwa?"

"In saki? Ana tsayawa a tsakiyar ɗinki ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Ai shi ke nan. Kin taka shi kamar keken ɗinki. Siririn ƙarfe ba ya jure zafi. Ɗiga ki saki, jan ƙarfen ya mutu, ki sake ɗigawa."

Ashe gwanintata ce ke cuta ta. Hannun da ya saba zarcewa, shi na koma koya wa tsayawa. Sai na tuna yadi mai santsi ma ba a afka masa, sai an kafe shi nan da can da allura. Na ɗiga a wannan gefe, na koma wancan, na jira. Ni da ba ni da haƙuri ko na sisi, na zauna ina kallon ƙarfe yana hucewa. Guntayen da na ɓata sun cika bokiti kafin in yarda in taɓa kujerar.

Da na gama, sai na fara ɗora Yaya a kai, don duk gidan ba wanda ya kai shi nauyi. Ya zauna a ɗarare, ya girgiza, ya jingina. Ko ƙara ba ta yi ba.

Na kai wa Baba ita har bakin gado. Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa wurin, gurmuƙe-gurmuƙe kamar an jera wake.

Ya ce, "Uwata, ɗinkin nan naki da muni."

Na ce, "Zan goge shi in shafa fenti, Baba."

"Kul. Bar shi haka. Kama ni mu fita."

Da yamma ina kan keken ɗinki na jiyo muryarsa daga ƙofar gida, ya tare mai waldar layinmu. "Malam, sunkuya ka duba ƙafar nan. A'a, ta hagu. 'Yata ce ta yi."

Na ɗauke ƙafata daga keke don in ji da kyau, domin sai da ya maimaita.